Ɗakin Tururin Tabawa

Tabawa 'yar Dosara ce, amma aure ya kawo ta Talata Mafara gidan Bawa mahauci, kuma a nan ta ƙare rayuwarta. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana sai an taɓo zancen girki. Ta haifi 'ya'ya bakwai, uku suka rayu, duk mata, duk kuma ta aurar da su. Sana'arta langaɓu. Kullum mijinta zai aiko da kai da ƙafa daga mahauta, ta babbake, ta kankare, ta dafa har ƙashi ya saki nama, masu saye su aiko da kwanoni cikin gida.

Shekara kusan talatin Bawa yana fita da asuba, ƙafafunsa cikin ruwa da jini, damina da rani. A shekarar da aka soma aikin dam na Bakolori ciwon gaɓɓai ya kama shi. Ya fara daga gwiwa, ya hau ƙugu, daga baya ya sauka yatsu. Wata ranar kasuwa yana cikin feɗe sa, wuƙa ta suɓuce daga hannunsa gaban jama'a. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka ƙi rufuwa. Abokan sana'a suka ƙarasa masa aikin. Daga ranar bai koma ba.

Abin ya zo a lokacin da bai kamata ba. Gari ya cika da baƙi, leburori da direbobi da kafintoci daga ko'ina, nama yana ci kamar ba a taɓa yanka dabba ba, mahautan da Bawa ya koya wa riƙe wuƙa suna sayen babura. Shi kuwa yana zaure a kan buzu, yana jin wucewarsu. Tabawa ba ta tsaya jiran kowa ba. Ta riga ta manyanta, don haka ta sayi rabin ganga a wurin maƙera, ta riƙa sarin kai da ƙafa daga wasu mahautan, ta kafa murhu a bakin kwatas ɗin kamfanin da ke aikin. Da cinikin nan gidan ya ci gaba da ci.

Magani kuwa babu wanda ba a gwada ba. An karɓo ƙwayoyin asibiti, wanzami ya yi ƙaho, an sha saiwoyi. Abu ɗaya ne Bawa yake jin daɗinsa, shi ne surace. Tabawa za ta tafasa ganyen darbejiya da na gwaiba da lemun tsami, ta aje tukunyar a gabansa, ta lulluɓe shi da bargo. In ya fito sai yatsun su ɗan saki na awa ɗaya ko biyu. Amma mai gwiwar da ba ta lanƙwasuwa ba ya iya zama da tukunya tsakanin ƙafafu. Wata safiya ƙafarsa ta fizge, tukunyar ta kife, ruwan ya saluɓe masa fatar ƙafa. Ya rantse shi da surace har abada.

A ranar nan ne wani mai cin langaɓunta ya lura ba ta cikin hayyacinta. Sunansa Yohanna, mutumin kudancin Zariya, mai aikin famfo a kwatas. Yana haya a cikin gari da matarsa Rahila, kuma kusan kullum da rana a wurin Tabawa yake ci. Bayan sun gaisa ya ɗanɗana romon ya dube ta.

"Mama, yau ba hannunki ba ne. Lafiya dai?"

Ta gaya masa abin da ya faru. Ya jajanta, sannan ya ce, "Da Baba zai samu irin ɗakin da muka haɗa a gidan babban injiniya, da ba ruwansa da tukunya. Banɗaki ne ƙarami a rufe ruf. Mutum ya shiga ya zauna a kan benci, ya murɗa abu, tururi ya cika ɗakin tun daga ƙafa har kai."

Tabawa ta aje ludayi. "Nawa na kuɗɗinai?"

Yohanna ya yi dariya. "Mama, bar zancen. Injin kaɗai na ji an ce ya haura naira dubu uku kafin ya iso nan daga ƙasar waje. Ban da tayil, ban da ƙofar gilashi. Ga shi da lantarki yake aiki, ku kuwa ba ku da wuta a unguwarku."

Matar mahauci ce, da shanu take lissafi. Ta ce, "Shanu ashirin ke nan." Ta ɗauki ludayinta ta ci gaba da zuba wa mutane.

Kashegari da ya zo, ko zama bai yi ba ta tare shi. "Yohanna, injin ga, mi yaka yi cikin cikinai?"

"Ruwa yake tafasawa, sai tururin ya bi bututu ya shiga ɗaki."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai dai in zafi ya yi yawa yana kashe kansa."

"Ni ma na iya janye itace," in ji ta. Ta ɗaga murfin gangarta, tururi ya turnuƙe tsakaninsu. Yohanna ya daɗe yana kallon gangar kafin ya karɓi kwanonsa.

Ranar Lahadi da yamma ya zo gidan tare da Rahila. Ya tsaya a zaure ya gaida Bawa gaisuwa mai tsawo, ya yi masa bayani, ya nemi izinin shiga. Bawa ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce, "Gida nata na, kuɗɗi nata na. Ku yi abin da kuka ga dama. Amma ni ba ni shiga."

Banɗakin yana kusurwar gida ta gabas, bango na ƙasa, babu rufi, an jera duwatsu a ƙasa, da kafar da ruwa ke fita lungu. Yohanna ya auna tsawo da faɗi, ya zauna a kan turmi yana rubutu a bayan takardar siminti. Ya ce dole a rushe bangon a tayar da na bulo. Ga siminti buhu goma sha biyu, ga kwanon rufi, ga bututu, ga cikakkiyar ganga, ga kuɗin mai walda da na magini, ga ƙyaure. Aikinsa shi ba zai karɓi ko kwabo ba. Duk da haka abin ya tashi naira ɗari da casa'in. Tabawa naira saba'in gare ta a asusu.

Ta ce a bar bangon ƙasar, a shafe shi da siminti ta ciki. Yohanna ya ce tururi ba ruwan wanka ba ne, yana neman ko wace ƙaramar tsaga ya shige. Ta ce bangon ya ga damina ashirin bai motsa ba. Ya yi mata magana sau uku, ta ƙi, ya haƙura ya yi yadda ta ce.

Cikin mako biyu aka gama. An girka gangar a kan murhu a bayan bango, bututu ya ratsa ya shiga ciki. Tabawa da kanta ta fara shiga. Tururi ya zo kam, amma bakin bututun ya fesa mata shi a ƙwauri har ya tashi ƙuraje, ruwan da ya taru a jikin kwanon rufi kuma ya riƙa ɗiga mata a ka da zafinsa. Ba ta gaya wa Bawa ba. Ta ci gaba da shiga kullum tana lura da abin da ke faruwa. A rana ta tara, da hantsi, tana shara a tsakar gida, shafen siminti ya ɓallo falle-falle, bangon gabas ya jiƙe ya zube cikin lungu. Allah ya sa ba kowa a wurin.

Unguwa ta taru. Aka ga ganga, aka ga bututu, aka ga benci. Kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa Tabawa ta gina madafi za ta yi dambun mijinta. Masu sayen langaɓu suka riƙa tambayarta ko maigidan ya nuna.

Da yamma Bawa ya kira ta zaure. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Ya ce, "Tabawa, ki bari haka nan. Kin zubar da guminki, mutane na yi muna dariya. Ni na riga na ƙare, ki aje kuɗɗinki don ranar da ba ni nan."

Ta ce, "Maigida, ba ka ƙare ba. Bango na yaf faɗi, shi ko laifina na, don an faɗa mini ban ji ba. Tururin ya zo. Na shiga da jikina na ji shi."

Tana da karsana guda a Dosara wurin ƙanenta Ɗan Asabe, gadon mahaifiyarsu. Ta hau mota zuwa Maradun, ta ƙarasa Dosara a bayan babur. Ɗan Asabe ya yi ta ba ta haƙuri. Ya ce shekarar nan masu tashi saboda ruwan dam suna ta fitar da dabbobi, kasuwa ta faɗi, ta jira baɗi karsanar ta haihu. Ta ce gwiwar mijinta ba za ta jira baɗi ba. Ranar Talata aka koro karsanar zuwa kara, kasuwar shanu, aka sayar naira ɗari da talatin. Ta haɗa da tasoshin tagulla huɗu na kayan ɗakinta. Sannan ta je har gidan su Yohanna, ta zauna a tabarmar Rahila, ta ce masa, "Kai ke da gaskiya. Wanga karon yadda kac ce haka za a yi. Amma akwai abu biyu da nag gani, ka saurare ni."

Na farko rufi. Ta ce in ta karkata murfin tukunya, ruwan da ya taru a jikinsa gefe guda yake bi, ba ya komawa cikin miya. Don haka a karkata rufin sosai, ruwan ya gangara bayan mai zama. Na biyu bakin bututu. Ta ce a kai shi ƙasa can kusurwa, a kifa masa madambaci, tukunyar nan mai huji-huji da ake turara dambu, a cika ta da ganye. Tururin zai rarrabu ya fito a hankali, ya kuma ɗauko ƙamshin ganyen.

Yohanna ya dubi matarsa, ya ce, "Rahila, kin ji? A gidan injiniya sai da muka sake rufi sau biyu kafin a gane maganar murfin nan."

Shi ma ya kafe a kan nasa sharuɗɗan. Dole a fitar da ɗan gajeren bututu a saman ganga, a ɗora masa murfin ƙarfe mai nauyi wanda ba a ɗaure ba, yadda in tururi ya yi ƙarfi zai ɗaga shi ya fita maimakon ya fasa gangar. Dole ƙyaure ya buɗe ta waje, kuma kada a sa masa sakata. Dole a bar 'yar taga a sama wadda na ciki zai iya turawa. Tabawa ta yarda da duka.

Siminti ya ƙara kuɗi a tsakanin, don haka aikin ya ja wata biyu, ana yi ana tsayawa sai ta tara cinikin mako. An tayar da bango na bulo, an shafe ciki sau biyu, Tabawa ta bi shi da dutsen guga har ya yi santsi kamar randa. Bencin ma na siminti aka zuba, aka shimfiɗa masa tabarma. Da aka haɗa komai, har da asarar farko, ɗakin ya ci naira ɗari biyu da saba'in. Ta shiga ta gwada. Tururi ya taso daga kusurwa a hankali ya cika ɗakin, babu fesa, babu ɗiga. Murfin ƙarfen yana ƙwanƙwasawa a waje in wuta ta yi yawa, sai a janye itace ɗaya.

Bawa dai ya ce ba ya shiga, kuma bai shiga ba. Tabawa ba ta roƙe shi ba. Lokacin gini a bayan ɗaki yake wanka, an kare masa da zana. Da aka gama ta ɗauke zanar ta mayar wa maƙwabtan da suka ara mata. Gidan banɗaki ɗaya gare shi. Kwana uku yana shiga da bokitin ruwan ɗumi ya fito, murhu a kashe. A na huɗu, da safe, ya dogara sandarsa ya shiga ya ja ƙyaure. Ta zagaya baya ta hura wutar da ta riga ta shirya, kaɗan, ta zauna a gindin bango tana saurare.

Ta ji ƙarar ruwa, sannan ta ji ya daina. Har ta miƙe za ta je ta buɗe ƙyauren sai ta ji muryarsa.

"Tabawa."

"Na'am, Maigida."

"Ƙara itace."

Ta ƙara. Ta koma ta zauna, hawaye na zuba, tana gyara wuta.

Ciwon bai rabu da shi ba, kuma Tabawa ba ta taɓa cewa ɗakinta yana warkarwa ba. Ya ci gaba da shan ƙwayoyin asibiti, in sanyi ya tsananta yakan kwana biyu bai fita ba. Amma kowace safiya in ya fito daga tururi jikinsa yakan saki har zuwa yamma, kuma da yake yana motsawa sai ƙarfi ya fara dawowa. Bayan wata ɗaya ya aje sanda a cikin gida. Bayan wata biyu ya je masallacin unguwa ya yi ruku'u da sujada tare da mutane, shi da ya shekara biyu yana salla a zaune. Wata ranar Litinin ya ce ta ɗauko masa wuƙaƙensa daga ƙarƙashin gado. Ya wuni a zaure yana wasa su.

Kashegari Talata. Ya yi suracensa da sassafe, ya sa tsohuwar rigar aiki, ya tafi mahauta da ƙafarsa. Sarkin Fawa ya so ya ba shi rago ya fara da shi, ya ce a'a, a kawo sa. Mahauta suka zagaye shi, wasu a shirye su karɓa in hannun ya gaza. Ya tsaga fatar daga wuya, ya bi ta a hankali, ba da saurin da ba, amma ya cire ta ɗungum babu huji ko ɗaya. Mai kalangun da ke yi wa mahauta kiɗa ya juya gangarsa ya kama taken Bawa, wanda ba a ji ba tun shekarar da aka soma dam. Tabawa ta zo sarin kai da ƙafa kamar kullum, tana tsaye daga nesa da kwandonta. Bawa ya ɗauki kan san da hannunsa, ya ratsa mutane, ya sa mata a kwando. Ya ce wa wanda ke karɓar kuɗi, "Wanga ba na sayarwa ba na."

Tun daga makon nan mutane suka fara sallama a ƙofar gida. Tsofaffin mahauta ne farko, sannan leburorin da ɗaukar siminti ya sandare wa baya, sannan mata masu jego da masu mura. Rahila ma da ta haihu a nan ta yi kwana arba'in tana zuwa. Da yake maza baƙi ba sa shiga cikin gida, Tabawa ta sa aka fasa ƙofa ta biyu daga lungu, aka toshe ƙofar cikin gida da ƙyaure. Safiya ta mata ce, bayan la'asar ta maza, Bawa ke zama a bakin ƙofa yana kula da su. Mai zuwa ya kawo damin itace ko kwabo goma. Tana korar mai ciki da mai jiri da wanda bai karya ba, kuma ba ta barin kowa ya wuce lokacin da ta yanka masa, ko da mai unguwa ne.

Da aikin dam ya ƙare kamfani ya sallami yawancin ma'aikata, Yohanna ya samu wani aiki a Kaduna. Ranar tafiyarsu Bawa ya yanka musu rago, Tabawa ta soye shi ta cika garwa. Yohanna ya bar mata abin ɗaure bututu da awon tsawo, ya nuna mata yadda ake naɗe zare a bakin bututu don kada ya yi yoyo.

Wata shida bayan haka wani dillalin shanu daga Bakura, Alhaji Nagode, ya zo neman mai famfon da ya haɗa ɗakin, yana so a yi wa mahaifiyarsa irinsa. Aka ce masa mai famfon ya bar garin. Yana shirin juyawa Bawa ya ce, "Alhaji, wanda yat tafi bututu yaɗ ɗaura. Mai ɗakin tana ciki."

Haka Tabawa ta hau mota zuwa Bakura da awon tsawo a ƙulle cikin gyale. Maginin da Alhaji ya ɗauko ya riga ya zana ɗaki babba, ya ce gidan mai kuɗi ne. Ta sa ya share zanen. Ta ce ɗaki mai faɗi itace yake ci ba ya ɗumama, a yi shi taku huɗu da uku, rufi ya kusa taɓa kan mai tsayi. Ya ce shekararsa ashirin yana gini, mace ba ta taɓa gaya masa inda zai sa bulo ba. Ta ce shi bai taɓa ganin bangonsa ya faɗi cikin lungu ba, ita ta gani, ta kuma san dalili. Alhaji ya ce a yi yadda Gwaggo ta ce. Kwana goma sha ɗaya ta yi a Bakura, tana zaune a kujera 'yar tsuguno, tana sa a sake duk shafen da ta shafa ta ji kaushi.

Bayan na Bakura ta tsaya a kan ginin wasu guda biyar, biyu a Mafara, ɗaya a Maradun, ɗaya a Ruwan Gizo, ɗaya kuma a garinsu Dosara. Akwai wani attajiri da ya nace sai an sa wa ƙyaurensa sakata, ta naɗe awonta ta dawo gida, ba ta koma ba duk aiken da ya yi.

Bawa ya ƙara shekara tara yana fawa kafin ya rasu. Tabawa ta bi shi bayan shekara huɗu. Autarta Taibatu ce ta gaji gidan da ɗakin. An sauya ganga sau da yawa tun daga lokacin, an sauya rufi sau ɗaya, ana kuma hura wutar kowace safiya ban da ranar Juma'a.